Zoben Wuta a Ajin Madam Rashida

Tun tana da cikin ɗanta na biyu Madam Rashida ta fara tuntuɓe da buta in magariba ta yi. Yau ta zubar da ruwan alwalar mijinta, gobe ta taka kazar da ke kwance bakin ƙofa. Goggo Tabawa, ƙanwar babanta da ke zaune da su nan Ƙonni, dariya ta yi har da tafa hannu.

"Dundumin ciki ne, ɗiyata. Wace mai ciki ce ba ta yi shi ba? Ki haihu ki gani, da kanshi za shi tahi."

Aka shiga gasa mata hanta. Lokacin mangwaro ya zo, aka haɗa mata da mangwaro. Ta haihu, aka yi suna, aka yi arba'in, yaro ya yi rarrafe, ya miƙe da ƙafafunsa, har aka yaye shi. Dundumi yana nan daram. Goggo ta ce ai na bayan haihuwa ne, ta ci gaba da aike wurin mahauta. Rashida tana ci kawai. Ita ta san abin da take tunawa. Babanta, Malam Rabilu tela, da haka ya fara. Da farko ya daina ɗinki in rana ta yi sanyi, daga baya sai an sa masa zare a allura, ƙarshe dai aka sayar da keken, ya koma zaman ƙofar gida har Allah ya karɓi abinsa. Shi kuwa bai taɓa yin ciki ba.

Da rana ba ta da damuwa, ko kuma haka take gani. Fizik take koyarwa a wani lise, wato babbar sakandare, na cikin gari, ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar bak ta shiga jami'a. Ƴar kwantaragi ce, ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna. Mijinta Yahuza direban motar siminti ne a Malbaza, ya fi kwana a hanya bisa a gida. A lakwal, wato makaranta, babu wanda ya san halin da take ciki, don aikin lakwal na rana ne, ita kuma ba ta taɓa bari la'asar sakaliya ta same ta a waje. Malamai ƴan'uwanta har tsiya suke mata, wai Madam mai gudun gida.

Akwai darasi guda da take ƙauna fiye da saura. Kowace shekara takan ɗaure alli a zare, ta zana zobe a allo, ta ce wa yara wannan ita ce hanyar elektoron. Shi elektoron ɗin nan ɗan mitsitsin abu ne, shi ke gudu cikin waya ya zama kuran, wato lantarkin da ke kunna mana ƙwai da fanka. Ido ba ya ganinsa, sikeli ba ya ɗaukarsa. To ta ina za a san nauyinsa? Sai masana suka yi dabara. A harba shi cikin kwalba, a sa ƙarfin maganaɗisu ya tanƙwara masa hanya. Kun ga akuyar da aka ɗaure a turke, tana son ta miƙe, igiya tana jan ta, sai ta yi ta kewaye? Haka yake yi. Cajin da ke jikinsa shi ne inda jan yake kama shi, nauyinsa kuma shi ne taurin kansa. In ka auna faɗin kewayen, ka san ƙarfin harbin, ka san ƙarfin jan, lissafi zai ba ka yawan cajin da ke kan kowane kilo na nauyinsa. Littafi ya ce miliyar ɗari da saba'in da shida ne, kowace miliyar kuwa miliyan dubu ce. Rashida ta rubuta lambar nan a allo ba adadi, amma zoben kansa ba ta taɓa sa shi a ido ba, don lakwal ɗin da ta yi ba su da kayan.

Ana tsakiyar bazara, zafi ya kai inda kare ba ya haushi da rana, sai ga Mushe Alkasum, wato Malam Alkasum a bakin ƴan lakwal, da akwatin katako a bayan mota. Shi ne mai duba malaman fizik na yankin, dogon mutum mai rawani, ba ya ɗaga murya. Na'ura guda ce tak aka samu, shi yake yawo da ita lakwal-lakwal. Ya fito da ita daga Illela, ya biyo ta Malbaza, yanzu ga ta a Ƙonni.

Ya buɗe akwatin gabanta. Kwalba ce kewayayya kamar ƙaramin tulu, garau da ita, tana zaune tsakanin manyan gammaye biyu na wayar jan ƙarfe. Cikin kwalbar akwai ɗan bututun da ke harba elektoron, da wani ɗan tsani na awo. Gefe kuma akwati mai maɓallan murɗawa da tagogin lamba.

"Gobe da safe ke za ki yi darasin, Madam," in ji shi. "Ni ina can baya zaune. Abin da na gani shi zan rubuta, kin kuma san takardunki na tabbatarwa jira suke."

"Na sani, Mushe."

"Abu biyu. Kwalbar ta zauna daidai, bakin bututun ya dubi sama sak, in ta karkace ko kaɗan ba za ki samu zobe ba. Na biyu, a rufe tagogi ruf. Hasken ba shi da ƙarfi. In da ƴar rana ta leƙo, babu abin da za a gani."

Ta dubi tagogin.

"Duhu sosai?"

"Kamar cikin rijiya," ya ce, har da ɗan murmushi.

Da ya tafi masauki, ta zauna ita kaɗai a ajin, rana tana shigowa ta tagogi. Ta daidaita kwalbar da kyau. Ta bi maɓallan da yatsa tana haddacewa: na hagu mai ɗumama bututu, na tsakiya mai ƙarfin harbi, na dama mai sa kuran cikin gammaye. Ta lura da jajayen wayoyi biyu da ke shiga gindin kwalbar, masu ɗauke da wutar da ta fi ta soket ɗin gida. Sannan ta kunna, ta cire mayafinta mai kauri, ta lulluɓe kanta da kwalbar tare. Tana fata ko hasken ya fi yadda ya faɗa.

Ta jira. Gumi yana bin wuyanta. Ta ƙura ido har hawaye suka zo. Babu komai, baƙi ƙirin. Ta leƙo waje, lambobin akwatin suna ci ja-wur, alamar na'ura tana aiki. Ta sake lulluɓa, ta sake jira. Daga nan ta kashe, ta zauna bisa bencin yara, hannuwanta a cinya, ta daɗe ba ta motsa ba.

A gida ta tarar da Goggo tana fifita garwashi.

"Kin ga hantar da na samo miki yau? Ta rago ce, ba ta akuya ba."

"Goggo, gobe za a rufe ni cikin duhu da yara, ga mai dubawa zaune."

Goggo ta ajiye mafici. "Duhu kuma? A lakwal? Wane irin karatu ne wanga?"

Rashida ta yi mata bayani gwargwado. Goggo ta ce to ta aika ta ce zazzaɓi ya kama ta mana.

"Sai ya ajiye akwatin ya jira in warke. Ko ya tahi da shi, yaran nan su ƙare lakwal ba su gani ba, kamar ni." Ta matso kusa da ita. "Goggo, Baba da yaya ya..."

"Kar ki kawo mini zancen Rabilu." Tsohuwa ta juya hantar da ƙarfi har mai ya yi tsartuwa. "Rabilu ƙurar yadi ce ta ci mai ido. Ke naki na haihuwa ne. Ci ki yi shiru."

Amma da ta miƙo mata kwanon, ba ta dube ta ba.

Washegari yara suka zo da tabarmi, da tsofaffin barguna, da buhunan siminti da aka zazzage, suka yi ta toshe tagogi suna hayaniya kamar ranar biki. Da Rashida ta shigo, ta ga Ummul-Khairi, shugabar ajin, ƴar garin Tsarnawa mai natsuwa, ta riƙe wuyan kwalbar da hannu ɗaya tana goge ta da bakin hijabinta, don garin siminti ya zubo mata.

"Sannu da aiki," in ji Rashida. Hankalinta yana kan ƙofa.

Mushe Alkasum ya shigo, yara suka miƙe, ya wuce baya ya zauna. Da Faransanci ake darasin, amma da Hausa za ku ji shi. Ta yi bayani a allo da sauran hasken ƙofa, muryarta ba ta rawa. Ta je ta tsaya bayan na'urar, ta ɗora yatsu bisa maɓallai tun ana gani. Sannan ta ce, "Sufyan, rufe ƙofa."

Sufyan shi ne bakin ajin, ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. "Madam, in anka buɗe a duba mu da kyau, akwai wanda za shi gasu. Abokina Maman Sani tun yanzu ya fara ƙamshi."

Aka yi dariya, ƙofa ta rufu.

Duhun ya faɗo mata kamar an kifa mata tukunya. Su yara, jim kaɗan suka fara cewa, "Mun fara ganin juna." Ita ba ta ga kowa ba. Numfashinsu take ji, da warin gumi da na siminti, da jajayen lambobin nan suna shawagi a ƙasa da haɓarta. Ta murɗa na hagu, ta jira. Ta murɗa na tsakiya.

Ajin ya ja numfashi gaba ɗaya.

"Allahu akbar!"

"Shuɗi ne! Ku dubi, kamar zare!"

"Shi ke nan elektoron ɗin, Madam?"

"Sawunsa ne," ta ce. "Akwai ƴar iska kaɗan cikin kwalbar, in ya buge ta sai ta yi haske. Yanzu a miƙe yake tahiya, don babu mai jan shi. Ku duba da kyau."

Ta murɗa na dama a hankali, tana kallon lamba tana hawa har inda lissafinta na jiya ya nuna. Ta ji "Kai! Kai!" ta ko'ina, benci yana ƙara, wani yana cewa wani ya sauke kai. Zuciyarta ta ɗan kwanta. Ta faɗi abin da ta saba faɗa gaban allo.

"Kun ga ya tanƙwara. Ga shi ya kewayo ya dawo inda ya fito. Zobe cikakke, baki ya haɗu da baki."

Shiru.

"Kun gani?"

"Mun gani, Madam."

To, ku da kuka san yaranmu kun san irin wannan amsar. Yaron da aka tarbiyyantar, babba ba ya cewa ga abu ya ce a'a, balle malama, balle gaban baƙo. In abin da ke gabansa bai yi kama da abin da aka faɗa ba, sai ya ɗauka shi ne bai iya kallo ba. Rashida ta ji amsar ta fito sanyi-sanyi, ba kamar ihun ɗazu ba, amma ta ce a ranta zafi ne ya fara cin su.

"Sufyan, matso. Karanta mini inda zoben ya taɓa tsani."

Ta ji takunsa, ta ji ya tsaya dab da ita.

"Madam... wanne zan karanta?"

"Zobe nawa ne a ciki? Inda ya ratsa tsanin, ta sama."

Ya faɗi wata lamba. Ita ta karanto ƙarfin harbi da na gammaye daga jajayen tagogin. Ummul-Khairi ta duƙa ƙarƙashin tebur da ƴar tocila tana danna na'urar lissafi.

"Miliyar ɗari biyu da goma sha huɗu, Madam."

Ya yi nisa da na littafi, nisan da ba za a ce rawar hannu ba ce. Rashida ta canza ƙarfin gammaye, ta sa aka sake. Ya fito ɗari biyu da ashirin. Can baya kujerar Mushe Alkasum ta yi ƙara. Gumi ya jiƙa mata baya har zani.

"Sufyan, wasa kake yi da ni? Ka tsaya saitin tsanin, ka rufe ido guda, ka karanta kamar mai hankali."

"Wallahi Madam, abin da na gani na faɗa."

"Kullum bakinka ya fi idonka aiki. Koma ka zauna."

Babu wanda ya yi dariya. Ta ji yaron ya ja ƙafa ya koma, kuma tun kafin ya zauna ta san ta zalunce shi. Ta buɗe baki za ta kira wani, sai wata ƴar murya ta fito daga ƙasa kusa da gwiwarta. Ummul-Khairi ce, ta bar Faransanci ta koma Hausa.

"Madam, ki gafarce ni. Bai haɗe ba."

"Mi bai haɗe ba?"

"Zoben. Murɗewa yake yi kamar igiyar guga, shina tahiya gefe, har ya je ya bugi jikin kwalba."

"Tun yaushe?"

"Tun farko, Madam."

"Tun farko kunka gani, na tambaye ku, kunka ce kun ga zobe?"

Wata murya daga tsakiyar aji ta ce a hankali, "Ke kinka ce zobe ne, Madam."

Nan take ta gane abin da ya faru. Kwalbar ta juya a mazauninta lokacin da ake goge ta, bututun yana harbi a karkace, shi ya sa kewayen ya matse, lamba ta haura. Gyaran ba wuya, a kama wuyan kwalbar a juya kaɗan-kaɗan ana kallo har bakin ya haɗu. Ana kallo. Ta san kuma mutumin da ke zaune can baya ya ji ta tsaye gaban murɗaɗɗiyar igiya tana yabon zobe.

Duk da haka ta miƙa hannu cikin duhu, tana laluben inda take zaton wuyan yake.

"Madam, tsaya!" Ba a taɓa jin Mushe Alkasum ya ɗaga murya haka ba. "Kar ki motsa. Yatsunki suna bakin jan waya."

Ta tsaya da hannu a sama. Ta janye shi a hankali ta manna a ƙirji. Ajin ya yi tsit, har ana jin jaki yana kuka can bayan katanga. Tana iya cewa a buɗe ƙofa, zafi ya sa ta jiri. Maganar har ta zo mata baki. Amma ta gaji, irin gajiyar da ba ta aikin yau ba ce.

"Ba ni ganin komi cikin ɗakin nan," ta ce. "In ban da jajayen lambobin ga, ba ni ganin komi. Ban ga zaren ba, ban gan ku ba."

Wani ya ce, "Subhanallahi." Wata daga layin ƴan mata ta fara shessheka, aka ce mata ta yi shiru.

"Sufyan, ka yafe mini."

"Haba Madam," in ji shi. "Haba."

Rashida ta gyara tsayuwa. "Ummul-Khairi, tashi. Kama hannuna ki ɗora shi bisa wuyan kwalbar, nesa da wayoyi. Ku kuma ku saurara. Zan juya ta. Abin da idonku ya gani shi za ku faɗa mini, ko ya saɓa da abin da na ce. Wanda ya sake ce mini 'mun gani' alhali bai gani ba, ni da shi ne."

Yatsun yarinyar masu sanyin gumi suka kama nata, suka kai su kan gilashi mai ɗumi. Ta fara juyawa.

Da farko babu mai magana. Sai Maman Sani ya ce, "Shina ƙara buɗewa, Madam. Ba nan ba ne."

"Madalla. Haka nike so." Ta juya ɗaya gefen.

"Yawwa, shina matsowa!"

"Ƙara, Madam!"

"Kaɗan! Kaɗan!"

"Ya wuce! Wallahi ya wuce, ya koma wancan gefen!"

"Kai ka yi shiru, bai wuce ba!"

"Ya wuce mana, kana daga gefe ne ba ka gani!"

"Ɗaya-ɗaya," in ji ta. "Na tsakiya su yi magana, su ke saiti."

Ta dawo da ita kamar mai juya ƙwai a cikin kasko. Sai ajin ya ɗauka baki ɗaya: "Tsaya! Tsaya nan!" Wani ya buga tebur. Ummul-Khairi ta ce dab da kunnenta, "Ya haɗe, Madam. Yanzu kam zobe ne."

Ta kira Sufyan ya dawo ya karanta. Ya karanta, wasu biyu suka tabbatar. Lissafi ya ba da ɗari da saba'in da tara. Aka rage ƙarfin harbi, zobe ya matse, aka sake, ya ba da ɗari da saba'in da uku. Aka yi na uku, ya faɗo tsakaninsu. Ta sa suka faɗi da bakinsu dalilin da ya sa na farko ya haura, suka faɗa daidai. Kafin ta kashe, ta tsaya da hannu bisa maɓalli.

"Wane irin shuɗi ne?"

Kowa ya shiga neman abin kwatance.

"Kin san wutar gas in anka rage ta ƙasa sosai, ana jiran shayi ya nuna?" in ji Sufyan. "Irin ta. Amma siririya, kuma ba ta rawa."

"To," ta ce. Ta kashe.

Da aka buɗe ƙofa, hasken ma ya makantar da ita na ɗan lokaci, sai da ta dafa bango. Mushe Alkasum ya ce yara su cire tabarmi, ita kuma ta same shi gindin bishiyar dogon yaro da ke tsakar lakwal. Ya bar mata benci, shi ya tsaya.

"Tun yaushe, Madam?"

"Tun cikin yarona. An yaye shi bara."

"Likitan ido ya duba ki?"

"A'a. Hanta nike ci."

Bai yi dariya ba. Ya tambaye ta ko akwai mai irinsa a gidansu, ta ce babanta. Ya gyaɗa kai, ya gyara rawani.

"Duhun ɗakin can sau ɗaya ne a shekara, ana iya samun mai tsaya miki. Ba shi ke damuna ba. Dube ni nan, tsakiyar fuska, kar ki juya ido." Ta dube shi sak. "Yatsa nawa na ɗaga?"

"Ba ka ɗaga komi ba, Mushe."

"Hannuna yana nan gefenki, a miƙe."

Ta juya kai, ga hannun kuwa, yatsu a buɗe, kusa da kafaɗarta.

"Kafin a rufe ƙofa," ya ce, "lokacin da kike bayani a allo, wata yarinya a layin taga ta ɗaga hannu. Ta daɗe da shi a sama, sannan ta sauke. Na ɗauka share ta kinka yi."

Rashida ta rufe baki da mayafi. Layin taga. Ta sha faɗa a ɗakin malamai cewa ƴan layin taga da ƴan layin bango ragwaye ne, ba su tambaya, ba su amsawa. Har a takardun sakamakonsu ta rubuta musu haka.

"Darasinki ya yi kyau, daga inda kinka daina ɓoyewa," in ji shi. "Zan rubuta haka, don gaskiya ce. Zan kuma rubuta cewa sai likitan ido ya gan ki, don ita ma gaskiya ce. Ba ni iya cire ta."

"Za su tabbatar da ni?"

"Za su jira abin da likita ya ce."

"In ya ce irin na babana ne fa?"

Ya dubi ƙasa. "Ban sani ba, Madam, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani, daga nan zuwa bak babu mai karɓe miki ajin ga. Wannan kam yana hannuna. Ki je wurin likita cikin makon nan, kar ki jira hutu."

Ya tafi haɗa akwatinsa. Ita kuma ta goge fuska ta koma aji.

An cire tabarmi, rana ta cika ajin. Yara suka miƙe tsaye, babu mai kallon ta a ido. Ta tsaya gaban allo inda ta saba tsayawa, ta dubi gaba sak, ta lura a karo na farko iyakar abin da take gani: layuka biyu na tsakiya, sauran kamar an yanke su da almakashi.

"Ƴan layin taga da ƴan layin bango, ku jawo bencinku tsakiya. Ku matsu, ko da kafaɗa bisa kafaɗa."

"Cikin zafin ga, Madam?" in ji Sufyan, amma shi ya fara kama bencin wasu.

Aka yi ta jan katako bisa siminti, ana ture-ture. Da ƙura ta lafa, ga fuskoki sun cunkushe gabanta, wasu ta san sunansu a takarda fiye da yadda ta san kamanninsu. Can tsakiya, wata baƙar yarinya siririya ta ɗaga hannu rabi-rabi, kamar mai shirin saukewa.

"Surayya ko?"

"Ni ce, Madam."

"Ke ce kinka ɗaga hannu ɗazu?"

"E, Madam."

"Kin saba ɗagawa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Da ina yi kullum. Sai na ga kamar ba ki so."

Rashida ta dafa tebur da hannu biyu. Ba ta san ko watanni nawa suka rage mata a gaban allon nan ba, kuma abin da ya wuce ba ta da yadda za ta mayar wa yarinyar nan da shi. Ta ɗauki alli, ta matso har gaban bencin.

"Ina jin ki," ta ce. "Fara da ta yau, sannan mu koma baya."